Harmodiyus da Aristogiton: Makasan Azzalumi a Atina

Harmodiyus da Aristogiton mutane biyu ne na birnin Atina a ƙasar Girka, waɗanda suka ƙulla makarkashiyar kawar da masu mulkin birnin a shekara ta 514 kafin Miladiyya. Sun kashe ɗaya daga cikin 'yan gidan mulkin, su ma suka rasa rayukansu. Daga baya Atinawa suka laƙaba musu sunan "makasan azzalumi", suka kafa musu mutum-mutumi a tsakiyar kasuwa. Siffar da aka ba su a wancan lokaci ita ce masu zane da kwamfuta suke kwaikwayo har yau.

Asalin rikicin

Kalmar Girkanci "tiranos", wadda aka fassara a nan da "azzalumi", tun farko tana nufin wanda ya karɓe mulki ba ta hanyar doka ba, ko adali ne ko mugu. Fisistiratus ya riƙe Atina a haka har ya mutu wajen 527, mulki ya koma hannun ɗansa Hifiyas, ƙanen Hifiyas mai suna Hifarkus yana gefensa.

Masanin tarihi Tusididis ya nuna cewa abin bai faro daga siyasa ba. Harmodiyus saurayi ne, Aristogiton kuma babban mutum, tsakaninsu akwai irin soyayyar da Girkawan wancan zamani suka saba da ita tsakanin manya da samari. Hifarkus ya nemi saurayin, ya ƙi shi. Don ya huce haushi, sai ya sa aka gayyaci ƙanwar Harmodiyus ta ɗauki kwandon ibada a wani jerin gwano, da ta zo aka kore ta a idon jama'a, wai ba ta cancanta ba. Ɗaukar kwandon nan gata ne na 'yan mata masu asali, saboda haka korar ta zama cin mutuncin dangi gaba ɗaya.

Ranar bikin

Harmodiyus da Aristogiton suka ƙudurta ɗaukar fansa, suka zaɓi babban bikin Fanatinaya da ake yi wa gunkiyar birnin, domin a cewar Tusididis ranar ce kaɗai mutum zai fito da makami ba a zarge shi ba. Hifiyas ne suka yi niyyar fara kashewa. Yana unguwar Keramaikos yana tsara jerin gwano, sai suka hango ɗaya daga cikin abokan shirinsu yana hira da shi cikin sakin fuska. Suka ɗauka asiri ya tonu. Nan take suka kutsa cikin gari da wuƙaƙensu, suka tarar da Hifarkus kusa da wurin ibada na Liyokoriyon, suka daɓa masa wuƙa har ya mutu. Dogarai suka kashe Harmodiyus a wurin. Aristogiton ya sulale cikin taro, amma aka kamo shi, aka gana masa azaba, sannan aka kashe shi.

Mulkin bai faɗi ba. Hifiyas ya ƙara tsananta wa mutane har shekara huɗu, sai a 510 rundunar birnin Sparta ƙarƙashin Sarki Kiliyominis ta kore shi, da zugar dangin Alkimiyonidai, wani babban gida na Atina mai adawa da shi. Gyaran tsarin mulki na Kilistenis, ɗan wannan gida, gyaran da ya haifi dimokuraɗiyyar Atina, ya biyo baya wajen 508.

Daga tagulla zuwa kwamfuta

Duk da haka mutanen gari sun fi son su ce 'ya'yansu ne suka 'yanta su, ba baƙi ba. Aka riƙa rera musu waƙa a wurin shaye-shaye, ana ambaton takobin da aka ɓoye cikin reshen ganye, zuriyarsu kuma aka ba su abinci kyauta daga aljihun hukuma. Maƙeri Antino ya ƙera siffarsu da tagulla. Da Farisawa suka ci Atina a 480 suka kwashe ta, sai Kiritiyos da Nesiyotis suka ƙera wata a 477 zuwa 476.

Duka biyun sun ɓace. Abin da ya rage shi ne kwafin siffa ta biyu da Romawa suka sassaƙa da farin dutse, mafi shahara yana gidan kayan tarihi na Napoli a Italiya. A jikinsa Harmodiyus ba gemu, ya ɗaga hannun dama sama da kai zai kai sara, ƙirjinsa a buɗe ba kariya. Aristogiton mai gemu ya miƙa hannun hagu da mayafi rataye a kai, kamar yana kare abokinsa. Wanda za a sara ba ya cikin siffar, don haka mai kallo ne yake tsaye a gurbinsa. Wannan dabara ce ta gaske, ita ta sa siffar ta daɗe tana kama zukata.

Masu aiki da kwamfuta suna ɗaukar hotunan irin wannan kwafi ta kowace kusurwa, su haɗa su a manhaja ta fitar da siffa mai jiki wadda ake juyawa a allo, sannan su mayar mata da launin tagulla da takubban da suka karye. Aikin yana buƙatar hattara, domin masu gyara na baya sun yi wa kwafin ƙari, har Aristogiton na Napoli ya daɗe ɗauke da kan da ba nasa ba. Gutsattsarin farar ƙasa da aka tono a Bayiya kusa da Napoli, ciki har da ɓangaren fuskarsa, waɗanda aka ɗauko daga jikin tagullar kanta, suna taimakawa wajen gano ainihin kamanninsa.

Wanda ya ɗora zanensa a kan wannan siffa kaɗai zai fito da jarumai biyu suna kifar da sarki, alhali wanda ya mutu ƙanen mai mulki ne, a cikin firgici da gaggawa. Tusididis ya yi ƙorafi kan wannan kuskure tun a zamaninsa, inda ya ce yawancin Atinawa suna zaton Hifarkus ne yake kan mulki lokacin da aka kashe shi.