Ciwon sukari nau'i na ɗaya: amfanin zama da masu irin ciwonka

Me ya bambanta shi da sukarin da aka saba ji?

A wannan nau'in jiki ne ke daina samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini. Ya fi bayyana a ƙuruciya ko samartaka, kuma ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Tun 1922 da aka fara yi wa mutum allurar insulin a Toronto, ita ce ke riƙe ran mai ciwon. Babu jiƙo ko sassaƙen da zai maye gurbinta.

Tunda akwai likita, me za a nema wurin wani majinyaci?

Ganin likita a asibitin Barau Dikko na Kaduna ko na Shika a Zariya na ɗan lokaci ne, ciwon kuwa da shi ake kwana ake tashi. Uwar da ta daɗe tana yi wa ɗanta allura ita za ta ce wa sabuwa: "Maman Abba, in an ɗauke wuta, ki ƙulle kwalbar insulin ɗin a leda ki sa cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. In wuta ta dawo kuma kar ki bari ta daskare." Ita za ta nuna mata lambar da ke jikin kwalba da ta sirinji, domin insulin U-100 da sirinjin U-40 ba sa tafiya tare, kuma a kemis ba kowa ke dubawa ba. Sai maganar da ake jin nauyin yi a asibiti: tsokanar 'yan aji, dangin da ke cewa sammu ne, fargabar budurwa kan ko ta faɗa wa manemi.

In sukari ya faɗi fa?

Rawar jiki, zufa, yunwa, ruɗewa. Idan na'urar auna sukari ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, a sha abin zaƙi nan take, kamar rabin kwalbar lemo, a sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, asibiti za a nufa. Ya kamata malamin aji da na Islamiyya su san wannan.

Ina shawarar 'yan'uwa masu ciwon ta tsaya?

A kan yawan allura. Adadin da ya dace da ɗan maƙwabciya zai iya kwantar da naki, don haka wannan na likita ne, haka ma batun azumi. Amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama kuwa ba abin tambaya a zauren WhatsApp ba ne. A tafi asibiti a daren, kuma kar a tsayar da insulin don yaro ya ƙi cin abinci.