Gandun Dajin Wadi Rime da Wadi Ashim

Gandun namun daji ne a tsakiyar ƙasar Cadi, inda Sahel ke haɗuwa da Sahara. An kafa shi a 1969, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 78,000, wato kusan sulusin ƙasar Gana. Dajin Mole da 'yan Kumasi da Ankara ke zuwa kallon giwa da gwanki bai kai kashi ɗaya cikin goma nasa ba. Ba shi da shinge. Makiyaya na kiwon raƙuma da shanu da tumaki a cikinsa.

An fi sanin gandun da mariri, farar dabba mai jan wuya da dogayen ƙahoni masu lanƙwasa baya, wadda Buzaye ke garkuwa da fatarta. Tana iya watanni ba ta sha ruwa ba, ɗanyar ciyawa da guna sun ishe ta. Farauta da mota da bindiga, fari da yaƙin Cadi suka ƙarar da ita, har IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta bayyana a 2000 cewa babu sauranta a daji.

A 2016 gwamnatin Cadi da hukumar muhalli ta Abu Dabi, tare da ƙungiyar Sahara Conservation, suka kawo mariri 25 na farko a jirgin sama, daga cikin waɗanda ake kiwo a tsare. Ba a sakinsu nan take. Sai an tsare su watanni a babban garke cikin gandun su saba da zafi da ciyawar wurin, a ɗaura musu na'urar tauraron ɗan'adam a wuya, sannan a buɗe musu. Na farkon da damina aka sake su, lokacin da ciyawa ta fito. Sun hayayyafa, kuma a Disamban 2023 IUCN ta cire mariri daga rukunin waɗanda suka ƙare a daji, ta mayar da ita rukunin dabbobin da ke cikin haɗari.

Sakin ba shi ne wahalar ba, ciyawa ce. Yawan rijiyoyi ya sa garkunan da a da ke wucewa suna zama, su cinye makiyayar kafin bazara. Gobarar daji na lashe busasshiyar ciyawa, shi ya sa ake share layukan tare wuta bayan damina. Kaska da ƙudaje kuma na ɗauko cuta daga dabbobin gida, sabbin zuwa ne suka fi kamuwa. Don haka ma'aikatan gandun ke zagaya ruga-ruga suna shawara da makiyaya, waɗanda galibi su ke fara kawo labarin inda aka ga mariri.