Adana tarihin sauye-sauye a shirye-shiryen kwamfuta na zane

Shirye-shiryen kwamfuta na zane hanya ce ta gina manhaja wadda mai aiki ba ya rubuta umarni layi-layi, sai dai ya jera tubala ko akwatuna a kan allo, ya sada su da zare, kowane zare yana nuna inda bayani zai bi. LabVIEW, wanda kamfanin National Instruments ya fitar a 1986 domin injiniyoyi masu aikin awo da gwaji, yana cikin tsofaffin wannan fage. Akwai kuma Simulink na kamfanin MathWorks, da Pure Data wanda Miller Puckette ya ƙirƙira domin sarrafa sauti, da Scratch wanda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 domin koyar da yara, da Node-RED wanda aka faro a IBM a 2013. Dukkansu suna cin karo da matsala ɗaya idan aka zo haɗa su da tsarin adana tarihin sauye-sauye irin su Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, domin an gina irin waɗannan tsare-tsare ne a kan rubutu, suna kwatanta fayil na jiya da na yau layi bayan layi.

Tushen matsalar

Wasu daga cikin waɗannan manhajoji suna ajiye aiki a cikin fayil na lambobin inji wanda mutum ba ya iya karantawa. Haka fayilolin LabVIEW suke, haka ma fayilolin Blueprint, wato tsarin shirye-shiryen zane na Unreal Engine, manhajar gina wasannin kwamfuta. Idan aka canza zare ɗaya tak, abin da Git zai iya faɗa shi ne fayil ya canza, ba zai nuna wurin ba, kuma idan mutum biyu suka taɓa fayil ɗaya a lokaci guda, babu yadda zai haɗe aikinsu, dole a ɗauki na ɗaya a bar na ɗayan.

Ko inda fayil ɗin rubutu ne, ba a tsira ba, domin yakan cakuɗa ma'anar shirin da yadda aka shimfiɗa shi a kan allo. A Pure Data, layin da ya ce #X obj 50 80 osc~ 440 yana nufin akwati mai fitar da sauti a zaune a wuri na 50 da 80. Idan mai aiki ya ɗan ja akwatin gefe don ido ya ji daɗi, lambobin nan biyu za su canza alhali shirin bai canza ba ko kaɗan. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne yadda ake rubuta zaren: layin #X connect 0 0 1 0, yana ambaton akwatuna da lambar jerinsu a cikin fayil, saboda haka goge akwati ɗaya daga farkon jeri yana sauya lambar duk waɗanda ke bayansa, sai ƙaramin gyara ya fito tamkar an sake ginin gaba ɗaya.

Aikin kayan fitarwa

Kayan fitarwa ƙananan shirye-shirye ne da ke warware fayil ɗin aiki su mai da shi rubutu mai tsari, sannan, idan da hali, su iya mayar da rubutun yadda yake tun farko. Fayil ɗin Scratch 3.0, wanda ya fito a Janairun 2019, misali ne mai sauƙin ganewa. Fayil mai ƙarewa da .sb3 ƙunshi ne na ZIP, wato fayiloli da yawa da aka matse a cikin fayil ɗaya, a cikinsa akwai project.json da ke ɗauke da tubalan, tare da hotuna da sautuka waɗanda aka raɗa wa suna daga lissafin MD5, wato wata lamba da ake fitarwa daga abin da ke cikinsu. Shi project.json yana fitowa ne a dunƙule a kan layi ɗaya mai tsawon gaske. Kayan fitarwa zai kwance ƙunshin, ya rarraba rubutun zuwa layuka, ya jera abubuwan ciki a tsari ɗaya da ba ya sauyawa, wani lokaci ya ware kowane ɗan wasa, wato hoton da ke motsi a allon Scratch, a nasa fayil. Wannan jerin da ba ya sauyawa shi ne ƙashin bayan aikin, domin idan fitarwa biyu daga aiki ɗaya ba su ba da rubutu iri ɗaya ba, tarihin zai cika da hayaniyar da ba kowa ya jawo ta ba.

Wasu kamfanoni sun tanadi nasu kayan. TouchDesigner, wata manhajar shirye-shiryen zane, yana zuwa da toeexpand da toecollapse, ɗaya na warware fayil zuwa babban fayil mai ƙananan fayiloli, ɗaya na sake ɗinke su. Simulink ya koma tsarin SLX a 2012, wanda shi ma ƙunshi ne mai fayilolin XML, wato rubutu mai tsari, a ciki. LabVIEW 2010 ya ba da damar raba tushen shiri da abin da inji ya riga ya fassara, domin kada fayil ya riƙa nuna ya canza don kawai an sake fassara shi. Node-RED kuwa ya shigar da Git cikin allon aikinsa a 2018, kuma yana ajiye kalmomin sirri a wani fayil daban da aka kulle.

Amfanin duk wannan yana raguwa idan sai mutum ya tuna ya yi fitarwar da hannunsa, domin ranar da aka manta, rubutu da ainihin aiki sun raba hanya. Shi ya sa ake ɗaura aikin a wuyan Git kansa. Ana iya sa ƙugiyar pre-commit, wato umarnin da Git ke gudanarwa da kansa, ta yi fitarwa kafin kowace ajiya, ko a yi amfani da saitin textconv wanda ke mai da fayil rubutu a lokacin kwatance kaɗai ba tare da ya taɓa abin da ke ma'ajiya ba, ko matatun clean da smudge da ke sauya fayil a hanyar shiga da fita.

Inda hanyar ta tsaya

Fitarwa tana warware matsalar gani, wato sanin wa ya canza me da yaushe, amma haɗe aikin mutum biyu yana nan da wuyarsa. Rubutu na iya haɗuwa lafiya a idon Git, a buɗe aikin a tarar zare yana nuni ga akwatin da ɗayan ya riga ya goge. Saboda haka LabVIEW yake da LVCompare da LVMerge, waɗanda ke nuna bambanci a zane maimakon a rubuce. Masu gina wasanni da Unreal Engine kuma galibi sun fi dogara da kulle fayil, ta Perforce, wani tsarin adana tarihin sauye-sauye, ko ta Git LFS, wani ƙari a kan Git domin manyan fayiloli wanda kamfanin GitHub ya fitar a 2015: wanda ya riga ya karɓi fayil shi kaɗai ke da ikon gyara shi har sai ya saki. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin da ke aiki da irin waɗannan manhajoji suke gutsuttsura babban zane zuwa ƙananan sassa, kowane sashe a fayil ɗinsa, domin kullewar ba za ta tsayar da kowa ba sai wanda ke neman wannan sashen kansa.