Mai karanta littafin sauraro

Mai karanta littafin sauraro shi ne wanda ake naɗar muryarsa yana karanta littafi daga farko har ƙarshe, don jama'a su ji da kunne. Sana'ar ta samo asali ne a shekarun 1930, lokacin da aka fara naɗar littattafai a faifan garmaho domin makafi a Amurka da Ingila. Daga baya kaset ya karɓa, sannan intanet. A Maradi da sauran ƙasar Hausa, littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun shekarun 1980 su ne suka fi yawo a YouTube da WhatsApp da katin memori, kuma da yawan masu saurarensu ba su iya karatun boko ba.

Zaƙin murya kaɗai ba ya isa. Babban sharaɗi shi ne mutum ya fahimci abin da yake karantawa, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Kuka" na iya zama na hawaye, ko na miya, ko na "me kuka ce". "Gari" na iya zama Tasawa, ko na tuwo. Jimlar ce ke rarrabewa, shi ya sa gwani yake bin littafin tukuna kafin ya zauna gaban makirfo. Labaran da aka buga a waya sukan zo ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, sai shi ya mayar da lanƙwasar da bakinsa. Bamaraɗe yana da ƙarin aiki: yawanci da Faransanci ya koyi karatu, dole ya saba da cewa "c" da "u" na Hausa daban suke. Kuma bakinsa ya saba da "tahi" da "hita", alhali marubucin Kano ya rubuta "tafi" da "fita". Ko wanne ya zaɓa, ya tsaya a kai.

Sai raba muryoyi. Mai sauraro ya gane uwar miji daga amarya ba sai an faɗa masa ba, amma namiji ya maƙale murya don kwaikwayon mace, wannan ɓata labari ne. Masu tatsuniya sun daɗe da sanin gwargwado: ɗan tsamin baki ya ishi Gizo.

A Turanci akan karanta kalmomi 150 zuwa 160 a minti ɗaya. Gaggawa tana haɗiye "fari fat" da "baƙi ƙirin", waɗanda sai an ba su numfashi suke fitowa. Ɗakin naɗi kuwa ya yi nesa da ƙarar janareto da kabu-kabu.