Murhun Gas da Murhun Lantarki

Murhun gas da murhun lantarki nau'o'i biyu ne na murhun zamani waɗanda ake girki a kansu ba tare da itace ko gawayi ko kananzir ba. Na farko yana ƙona iskar gas ne ya ba da harshen wuta a ƙarƙashin tukunya, na biyu kuma yana mayar da wutar lantarki ta zama zafi. An daɗe ana ja-in-ja kan wanda ya fi dacewa da gida, ta fuskar tsada da lafiya da haɗari, kuma cacar bakin ta yi ƙamari a Amurka a farkon 2023. A karkarar Kano da Jigawa, inda murhun duwatsu uku ne har yanzu ke ciyar da mafi yawan gidaje, tambayar da aka fi yi ita ce wanne daga cikinsu zai iya maye gurbin itace.

Tarihi

Murhun gas ya girmi na lantarki da shekaru masu yawa. Wani Bature mai suna James Sharp ya yi rajistar ƙirarsa ta murhun gas a garin Northampton na Ingila a 1826, kuma bayan kimanin shekara goma ya buɗe masana'antar ƙera shi. Gas ɗin wancan zamani daga kwal ake fitar da shi, a tura shi ta bututu domin kunna fitilun tituna, saboda haka sai gidajen biranen da bututun ya ratsa ne suka amfana, kuma murhun bai yaɗu sosai ba sai wajen shekarun 1880. Gas na silinda, wanda shi aka sani a Najeriya, ya zo ne daga baya, bayan da masanin sinadarai Walter Snelling na Amurka ya gano yadda za a ware iskar furofen daga man fetur a wajen 1910, aka kuma fara sayar da ita a 1912.

Shi kuwa murhun lantarki, ana yawan danganta farkonsa da Thomas Ahearn na birnin Ottawa a Kanada, wanda ya yi rajistar tandarsa ta lantarki a 1892, kuma shekara guda bayan haka aka baje kolin madafa mai aiki da lantarki a babban bikin baje koli na Shikago. Ya ɗauki lokaci kafin ya karɓu, domin gidaje kaɗan ne ke da wuta, ita ma da tsada. Akwai kuma ƙaninsa, murhun maganaɗisu, wanda shi kansa ba ya yin zafi, sai dai ya sa ƙarfen tukunyar ya zafafa. Ya fara shiga kasuwa ne a shekarun 1970.

A ƙasar Hausa, abin da ya fara tsaya wa murhun gargajiya a gaba shi ne risho mai lagwani da kananzir, wanda ya zama dole a kayan ɗakin amarya a birane da manyan garuruwa. Kukar gas da ta lantarki sun daɗe suna zaune a gidajen manyan ma'aikata da attajirai kaɗai. Ƙarancin kananzir na shekarun 1990 ya haifar da ƙaramin murhun ƙarfe mai aiki da gawayi ko dusar katako, wanda jama'a suka laƙaba wa sunan shugaban ƙasa na lokacin, suka ce murhun Abacha. Abubuwa biyu ne suka buɗe wa gas ƙofa: kamfanin sarrafa iskar gas na NLNG da ke tsibirin Bonny a jihar Ribas ya fara ware wa kasuwar cikin gida gas na girki a 2007, sannan gwamnatin tarayya ta janye tallafin kananzir a 2016. Daga nan risho ya fara ja da baya, ƙaramar silinda mai kilo 3 ko kilo 6, wadda ake ɗaura mata kan murhu a bisa, ta shiga kayan kicin na amare har a garuruwa irin su Bichi da Wudil da Gumel da Kazaure.

Yadda suke aiki da abin da suke ci

Gas na girki haɗin furofen ne da butan, an matse su sun zama ruwa a cikin silinda. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin a ji idan yana yoyo. A kowane kilo akwai zafi da ya kai kimanin yunit 13 na lantarki, amma kusan kashi 40 cikin ɗari ne ke shiga tukunya a murhu na yau da kullum, sauran ya bi iska. Murhun lantarki mai faranti ko mai naɗaɗɗen ƙarfe yana isar da kimanin kashi 70, na maganaɗisu kuma wajen kashi 85. Bisa wannan lissafi, girkin da kilo ɗaya na gas zai yi yana buƙatar yunit 6 zuwa 7 na lantarki, kuma da wannan ma'auni ne mai gida zai iya kwatanta farashin biyun a garinsu.

Muhawarar lafiya da muhalli

Harshen gas yana fitar da iskar naitirojin dayoksaid, wadda ke fusata huhu, idan kuma wutar ba ta ci da kyau ba, wato ta yi ja maimakon shuɗi, yana fitar da kabon monoksaid mai kisa. Wani bincike da aka wallafa a ƙarshen 2022 ya alaƙanta kashi 12.7 cikin ɗari na cutar asma a yaran Amurka da murhun gas. A Janairun 2023 Richard Trumka ƙarami, kwamishina a hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta ƙasar, ya ce ba a cire yiwuwar haramta shi ba, maganar ta zama rigimar siyasa, shugaban hukumar ya fito ya ce babu shirin hakan. Kamfanonin gas da wasu masana sun soki hanyar da aka bi wajen lissafin. Birnin Berkeley na Kalifoniya ya hana sa bututun gas a sababbin gidaje a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar a 2023.

Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana lissafa gas da lantarki duka a jerin makamashin girki mai tsafta, domin abin da take auna su da shi shi ne hayaƙin itace da gawayi da kashin shanu, wanda ta ƙiyasta cewa ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, ciki har da ɗimbin ƙananan yara. Matar da ke hura wuta da ɗanyen kara a madafar da ba ta da taga, goye da jariri, hayaƙin da take shaƙa ya ninka na gas nesa ba kusa ba.

Halin da ake ciki a karkarar Kano da Jigawa

Babban abin da ya karya murhun lantarki a wannan yanki shi ne rashin tabbas na wuta. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba lantarki a Kano da Jigawa da Katsina tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, kuma akwai ƙauyuka da dama da layi bai kai gare su ba, waɗanda ya kai ma ana ɗauke wuta a kawo ba da sanarwa ba. Kan murhu ɗaya yana jan wat 1,000 zuwa 2,000, nauyin da ƙaramin janareto ko solar gida ta fitila da fanka ba za su ɗauka ba, kuma inda gidaje da yawa suka kunna shi lokaci guda akan yi kukan taransifoma ta ƙone. Tsarin da ya yi alkawarin wuta ta awa 20 a rana, wato rukunin A, an ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kuma galibi unguwannin birni da masana'antu ne ke kansa.

Akwai kuma batun tukunya, wanda masu muhawara daga waje ba su cika lura da shi ba. Tukunyar dalma mai zagayayyen gindi da maƙera ke zubawa ba ta zama daidai a kan faranti, murhun maganaɗisu kuma ba ya aiki da ita sam, haka ma tukunyar ƙasa, domin sai ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa mai shimfiɗaɗɗen gindi yake so. Tuƙin tuwon gidan gandu, na mutum goma sha biyar ko ashirin, yana buƙatar tukunyar da za ta kafu a kan duwatsu ta jure bugun muciya, abin da ƙaramar silinda ma ba ta iyawa. Shi ya sa a gidajen da suka sayi gas ake raba aiki: shayi da kunun safe da ɗumame da taliya a kan gas, tuwo da wake da girkin suna ko biki a kan itace.

Gas ma yana da nasa cikas. Ana ɗauko shi ne a tanka daga kudu, farashinsa na bin canjin dala da kuɗin dako, kuma mutumin ƙauye sai ya ɗora silinda a babur zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma kafin ya samu mai ɗurawa. Kara da itacen sabara ko kalgo kuwa daga gona ake samo su, ko da yake a arewacin Jigawa, wajen Maigatari da Babura da Birniwa, inda hamada ke matsowa, itacen ma ya zama abin saye. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa (methane) aka tsara zai ɗauko domin tashoshin lantarki da masana'antu, wadda ta bambanta da gas na silinda.

Haɗari

Tsoron fashewa na daga cikin dalilan da ke sa wasu magidanta, musamman dattawa, hana shigo da silinda gida. Gas ya fi iska nauyi, don haka idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru, kuma ƙyastin ashana ko taɓa makunnin fitila ya isa ya tayar da gobara. Mafi yawan yoyon daga tsohon tiyo ko lalataccen regileta yake fitowa, ana kuma gane shi ta hanyar shafa ruwan sabulu a mahaɗa a ga ko zai yi kumfa. Haɗarin murhun lantarki ya fi zuwa ne daga siririyar waya da ba ta kai nauyinsa ba, da kuma barin sa a kunne bayan an ɗauke wuta, a dawo da ita cikin dare babu kowa a kusa.