Kallo kaɗai ma yana ɓata kogo

Mutane da yawa na ɗauka cewa kogo ai dutse ne, shiga kallo ba ya rage shi da komai, don haka dokar hana shiga takura ce kawai. Ba haka ba ne.

Kogon Lascaux na Faransa, mai zanen dabbobi na wajen shekara 17,000, an buɗe shi ga baƙi a 1948. Numfashin jama'a da ɗumin jikinsu suka sauya iskar ciki, gansakuka ta fara bin bango tana rufe zanen, abin takaici. A 1963 gwamnati ta rufe shi, kuma ta yi daidai. Tun 1983 kwafinsa da aka gina kusa da wurin ake kai masu yawon buɗe ido.