Kafin ka tsaya gaban kyamara a Kano: wa ke ba da izini, wa ke da ikon hanawa

Matashin da ke son zama ɗan wasan fim a Kano yakan fara ne da neman furodusan da zai saka shi a fim. Maganar izini ba ta faɗo masa a rai sai ranar da ya ji an dakatar da wane ko an kori wance daga masana'anta. A nan ake cakuɗa abubuwa uku waɗanda ba ɗaya ba ne: hukumar tace fina-finai ta tarayya, hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Jihar Kano, da ƙungiyar masu sana'ar. Biyun farko doka ce ta kafa su. Ta ukun 'yan fim ne suka kafa abarsu.

Ta tarayya, wato NFVCB, an kafa ta da dokar soja mai lamba 85 ta 1993. Aikinta duba fim kafin ya shiga kasuwa, ta yanke abin da ta ga ya saɓa ƙa'ida, ta rubuta masa shekarun waɗanda ya dace su kalla, sannan ta ba masu rarrabawa da gidajen sinima lasisi. Harkarta da fim ɗin ce da mai shi, ba ta bin ɗan wasa da takardar rajista.

To, in akwai wannan, me ya ba Kano damar kafa tata? Tsarin mulkin 1999 ne da kansa. A jadawali na biyu, cikin jerin abubuwan da tarayya da jihohi suka yi tarayya wajen yi musu doka, abu na 16 ya ba Majalisar Tarayya ikon kafa hukumar tace fim. Sai ya ƙara da abu biyu: wannan bai hana majalisar jiha kafa irin tata ba, kuma bai ba kowa damar nuna fim a wata jiha ba tare da amincewar hukumar da jihar ta kafa ba. Ma'ana, takardar Abuja ba ta ɗauke maka ta Kano. Mai cewa "ai hukumar tarayya ta riga ta tace min" bai faɗi ƙarya ba, amma hujjar tasa ba ta isa ta sa ya saki fim a Kano.

Dokar Kano ta zo ne a farkon 2001, zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko. Bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim baki ɗaya a ƙarshen shekarar. Kafa hukumar shi ne matsayar da aka cimma: a ci gaba da sana'a, amma ƙarƙashin sa ido. Mutane kan manta wannan idan ana zagin hukumar. A lokacin, zaɓin da ke ƙasa shi ne ko tacewa ko rufewa.

Abin da ya fi shafar ɗan wasa ya taso ne a 2007. Wani faifan bidiyo na sirri da ya shafi wata 'yar fim ya bazu a wayoyi, gari ya ɗauki zafi, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni. Da aka dawo, ƙa'idoji sun canja. Ba kamfani kaɗai ake yi wa rajista ba, kowane mai sana'a sai ya yi tasa: jarumi, darakta, mawaƙi, marubuci. Aka kuma riƙa gurfanar da mutane gaban kotun tafi-da-gidanka. An ɗaure Adam A. Zango a 2007. An ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro a 2008. A Disambar wannan shekara aka ɗaure furodusa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama bisa zargin sakin fim ba tare da tacewar Kano ba da kuma rashin rajistar kamfani, kodayake babbar kotu ta soke hukuncin a 2009 ta ce a sake shari'a. 'Yan fim da dama suka tattara suka koma Kaduna da aiki, domin ikon hukumar a iyakar jihar ya tsaya.

Tun daga nan rajistar mutum ɗaya-ɗaya ta zauna, kuma kowane sabon shugaba yakan taɓa ta. Abba El-Mustapha, wanda shi ma jarumi ne kafin Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa shi a 2023, da shigarsa ofis ya soke lasisin 'yan masana'antar ya ce kowa ya zo ya sabunta. A Mayun 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 saboda ana sakin su ba tare da an kai mata ta duba ba. Wannan mataki ya nuna matsayinta ƙarara: a wurinta, fim ɗin da ake sawa a YouTube ko a tashar talabijin bai fita daga hurumin tacewa ba.

Kai fim wurin tacewa aikin furodusa ne. Sai dai ranar da aka dakatar da shiri, ɗan wasan da ke jiran kuɗin fitowarsa shi ma ya shiga ciki, ga fuskarsa kuma ita jama'a suka sani. Saboda haka sabon shiga yana da tambayoyin da ba rashin kunya ba ne ya yi kafin ya tafi lokeshan: kamfanin nan yana da rajista? Za a kai fim ɗin tacewa? Idan kuma ya je yin tasa rajistar, ya je ofishin hukumar da ƙafarsa, ya biya abin da aka rubuta, ya karɓi rasit. Masu cewa "kawo kuɗin in yi maka hanya" sun daɗe suna cin sababbin shiga, musamman 'yan matan da suka zo daga wasu garuruwa ba su san kowa ba.

Akwai kuma haramcin da ke sauka lokaci zuwa lokaci kan abin da labari ya ƙunsa. A 2021, ƙarƙashin shugaban hukumar Kano na lokacin, Isma'il Na'abba Afakallah, an hana nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024 aka hana fina-finan daba da na 'yan daudu. Ina ganin a nan ne tsarin ya fi rauni. Ƙa'idar da mutum zai fara ji a rediyo ko a shafin sada zumunta tana da wuyar bi ga wanda ya riga ya zuba kuɗinsa a aiki. Soke lasisin kowa da kowa a lokaci guda kuma yana haɗa mai laifi da marar laifi a layi ɗaya. Sashe na 39 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi don kare tarbiyyar jama'a, amma ya ce ta hanyar doka. Wanda yake ganin an zalunce shi, kotu a buɗe take, kamar yadda shari'ar Iyan-Tama ta nuna.

Ƙungiya kuwa daban take. Lokacin da MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, ta kori jaruma Rahama Sadau a Oktobar 2016 kan wani bidiyon waƙa, mutane da yawa sun ɗauka gwamnati ce ta hana ta fim. Ba haka ba ne. Ƙungiya ba ta ɗaure mutum, ba ta cin sa tarar da kotu za ta tilasta. Ƙarfinta shi ne 'ya'yanta su daina aiki da kai, wanda a masana'antar da kowa ya san kowa ba ƙaramin abu ba ne. Jarumar ta ci gaba da fitowa a fina-finan Kudu, daga baya kuma aka yafe mata.

Duk wannan bayani kan sana'a yake. Koyon wasan kwaikwayo shi kansa ba ya buƙatar lasisin kowa. Ɗalibin da ke ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarsu, ko wanda ya shiga sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko na Jami'ar Bayero, ko Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, karatu yake yi. Kannywood ɗin ma daga irin waɗannan ƙungiyoyi ta fito: 'yan Tumbin Giwa ne suka yi Turmin Danya a 1990, bayan shekaru suna wasan daɓe da na talabijin.

Kuma mafi yawan masu koyo ba za su zama taurari ba, ba su yi asara ba kuwa. Wanda ya saba tsayawa gaban mutane ya ɗaga murya ba tare da rawar baki ba, zai ga amfanin haka a aji in malami ne, a gaban alƙali in lauya ne, har a wurin neman aiki. Haddar zance tana kaifafa ƙwaƙwalwa. Maimaita fitowa ɗaya sau da yawa har darakta ya gamsu yana koya wa mutum karɓar gyara ba tare da fushi ba. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne sauraro: ɗan wasan da ba ya jin abin da abokin fitowarsa ya faɗa, jira kawai yake a zo kansa, ko ɗan kallo yana gane shi.

Ranar da aka fara maganar kuɗi da kyamara, a nan doka ke shigowa, kuma ba dokar tacewa kaɗai ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta amince cewa mai yin wasa yana da haƙƙi a kan wasansa. A masana'antar da aka saba da "zo mu yi, za a sallame ka", wannan haƙƙi yana da wuyar karewa in ba a rubuce yake ba. Takarda ɗaya ta isa: nawa za a biya, yaushe, fitowa nawa, kuma a ina za a nuna fim ɗin.